Daga Bawon Itace Zuwa Allura: Abubuwa Takwas Masu Ban Mamaki Kan Tsirrai da Sankarar Ƙwan Mace

Alƙaluman shekarar 2022 sun nuna cewa mata sama da 300,000 ne aka gano suna da sankarar ƙwan mace a faɗin duniya, sama da 200,000 kuma ta yi ajalinsu a shekarar. Da yawa daga cikin magungunan da likitoci ke yaƙar ta da su, asalinsu daga daji aka samo. Ga yadda abin ya faru.

1. Shekara 30 tsakanin daji da asibiti

A watan Agustan 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo bawon wata bishiya da ake kira Taxus brevifolia a wani daji na jihar Washinton ta Amurka. Bishiya ce mai jinkirin girma, wadda masu yankan katako ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Monroe Wall da Mansukh Wani ne suka tace sinadarin da ke ciki, suka bayyana tsarinsa a 1971, suka sa masa suna Taxol. Daga bawo kimanin kilo 12, rabin giram kacal suka samu. Sai a watan Disamban 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi wa masu sankarar ƙwan mace magani da shi.

2. Yana kashewa ne ta hanyar ɗaurewa

Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, sai ta kafa wasu siraran zarurruka a cikinta, ta gama aiki da su, ta kwance su, kamar yadda magini ke kafa katakon hawa ya kwance idan ya gama. A 1979 Susan Horwitz ta gano a birnin New York cewa Taxol na hana kwancewar ne. Zarurrukan sai su sandare, ƙwayar sankarar ta kasa rabuwa, ta mutu. Kafin nan ba a san wani magani mai aiki ta wannan hanya ba.

3. Daga wata 24 zuwa wata 38

Wani babban gwaji da aka wallafa a 1996 ya kwatanta rukuni biyu na mata waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu. Waɗanda aka yi wa tsohon haɗin magani, tsaka-tsakin rayuwarsu wata 24 ne. Waɗanda aka haɗa wa Taxol da wani magani mai suna cisplatin sun kai wata 38. Wata 14 ba wasa ba ne ga uwar da ke da ƙananan yara. Har yau Taxol, tare da wani maganin mai suna carboplatin, shi ne kan gaba bayan tiyata.

4. Maganin da ya kusa cinye bishiyarsa

Idan aka ɓare bawon, bishiyar mutuwa take yi, ga shi jinyar mace guda na cin bawon bishiyoyi da dama. Masu kare daji suka tayar da jijiyar wuya. Mafita ta zo daga Faransa, inda Pierre Potier da abokan aikinsa suka samu wani sinadari a ganyen 'yar'uwarta ta Turai, wanda ake iya sarrafawa ya zama maganin, ganye kuwa yana sake tohowa. Daga wannan aiki aka samu wani maganin kuma, docetaxel. Yanzu har a manyan tankuna a Jamus ake renon ƙwayoyin bishiyar suna fitar da sinadarin, ba tare da an sare ko reshe ba. Wani abin lura: ganyen nan guba ne, yana kashe doki da saniya idan suka ci.

5. Zurma ma na da hannu

Taxol ba ya narkewa a ruwa. Domin a iya ɗura shi ta jijiya, sai aka narkar da shi a wani ruwa da ake sarrafawa daga man zurma, wato tsiron nan da ke fitowa a kusa da gidaje. Ruwan kan tayar wa wasu marasa lafiya da ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, shi ya sa ake fara ba su maganin kariya kafin a sa ƙarin ruwan.

6. Mutum biyu, bishiya biyu

Wall da Wani ɗin nan su ne kuma suka fitar da camptothecin a 1966 daga wata bishiyar ƙasar Sin, Camptotheca acuminata. A gwajin farko ya sa marasa lafiya fitsarin jini da zawo, aka jingine shi. A 1985 aka gano yana toshe wani sinadarin da ƙwayar halitta ke buƙata wajen warware kundin gadonta. Aka gyara shi ya zama topotecan, wanda aka amince da shi a 1996 domin matan da cutar ta dawo musu.

7. Gubar Habasha da ta jira shekara 50

A 1972 Morris Kupchan ya bayyana maytansine, daga wani ɗan itace na ƙasar Habasha dangin Maytenus. Ƙarfinsa ya wuce misali, amma illarsa ta fi amfaninsa, aka ajiye. Daga baya masana suka ɗaura wani nau'insa a jikin sinadarin garkuwar jiki da ke neman ƙwayar sankara ya manne mata, ya sauke gubar a cikinta. A watan Nuwamban 2022 aka amince da wannan magani, Elahere, ga wasu matan da sauran magunguna suka daina yi wa aiki. Ƙarin mamaki: bincike ya nuna ƙananan halittun da ke zaune a jikin itacen ne ke haɗa gubar.

8. Ba kowane tsiro ne ya haye ba

Tsakanin 1960 da 1981 cibiyar binciken sankara ta Amurka ta gwada ruwan tsirrai kusan iri 15,000, kaɗan ƙwarai suka kai asibiti. Combretastatin, daga wata bishiyar Afirka ta Kudu 'yar'uwar geza, yana datse jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari, amma an dakatar da babban gwajinsa a 2017. Sinadarin kurkum na kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, sai dai kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini idan an ci, kuma ba a amince da shi a matsayin maganin wannan cuta ba.

Duk maganin da ya haye a cikin waɗannan, sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada shekara da shekaru. Jiƙon bawo ko dafaffen ganye ba zai maye gurbinsa ba, wasu ganyayyakin ma kan rage ƙarfin maganin asibiti, don haka a sanar da likita duk abin da ake sha. Mace kuma da ta ga kumburin ciki ya ƙi sauka, ko saurin ƙoshi, ko ciwon mara, ko yawan fitsari na tsawon makonni, ta garzaya asibiti. Gwajin bakin mahaifa ba ya gano wannan cuta, kuma maganin ya fi aiki nesa ba kusa ba idan an kama ta da wuri.