Shanun da ba su da tozo: abin da na gani a kogon Birnin Kudu

Ɗan kasuwa da ido yake cin abinci. Mu da muke zaune a Malanbil, in aka buɗe buhun shinkafa muka damƙi hannu ɗaya, mun san ta bana ce ko ta bara. Albasa kuwa tun daga kan mota ake gane wadda za ta kai Kwatano lafiya. Amma akwai kayan da idonmu bai saba da su ba, ga shi kuma sukan biyo ta hannunmu a wannan bakin iyaka, wato kayan mutanen da. Abin da ya sa ke nan nake so in ba 'yan uwa labarin wani kogo, da yadda ake gane irinsa.

Kogon yana Birnin Kudu ta jihar Jigawa, kudu maso gabas da Kano. Na je can da yarana biyu lokacin da muka tafi ganin gida. Duwatsun da ke da zane suna da sunayensu: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu, Dutsen Zango. Kada mutum ya zaci rami ne mai zurfi da duhu. Manyan duwatsu ne suka hau juna, suka bar inuwa a ƙarƙashi, inda ruwan sama ba ya dukan bango. To a nan zanen yake.

Da farko ba ka ganin komai sai dutse. Sai ido ya huce daga hasken rana, sannan ja-ja ya fara fitowa: ga ƙafafu, ga wutsiya, ga ƙahoni. Shanu ne. Ƙaramin ɗana, wanda ya saba ganin shanu a kara, shi ya fara tambaya ina tozonsu. Gaskiyarsa. Bunaji da rahaji da gudali da muka sani duk masu tozo ne, su kuwa waɗannan gadon bayansu a miƙe yake. Wasu masu gajeren ƙaho ne irin muturu, wasu masu dogon ƙaho, irin da yanzu ba a kiwonsa a ƙasar Hausa. Ka ga alama ta farko ke nan. Mai zane abin da ya gani yake zanawa, kuma shi wani garke ya gani daban da namu.

Alama ta biyu launi. Rubutun gawayi ko alli na yaran yau a saman dutse yake zaune, yana ɗaukar ido. Tsohon zane ya dushe, ya zama kamar jikin dutsen ne da kansa. Ta uku kuwa kunne ke gane ta. A wurin akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, kuma inda aka daɗe ana bugu ya lotsa ya yi santsi. Irin wannan lotsawa ba aikin shekara goma ba ne. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin waɗannan duwatsu masu amo a Birnin Kudu a 1955. Yau wurin yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta Najeriya.

Wani zai ce, to mu da ke Dandi ina ruwanmu da kogon Jigawa? Ai namu na nan kusa, sai dai shi kufai ne. A kan hanyar Karimama akwai Birnin Lafiya. Daga 2011 masana daga Jami'ar East Anglia ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Anne Haour, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Abomey-Calavi, suka yi shekaru suna haƙa a wannan yanki. Sun gano cewa tudun da ke gefen garin tsohon gari ne mai faɗin kusan hekta 26, an zauna a cikinsa daga wajen ƙarni na 4 zuwa na 13. Sun tarar da ɗakunan da aka yi wa daɓe da tsingaro, an jera shi ɗaya bayan ɗaya, da kuma ƙwayoyin shinkafa. Wato tun kafin kakanninmu fatake su fara ƙetare Kwara da jakuna zuwa Gwanja neman goro, mutane na noma shinkafa a wannan fadama da muke saye yau.

A kufai ma alamomin ba su da wuyar ganewa. Tudu ne a fili inda ba dutse, tsingaro ya rufe ƙasa, bayan ruwan sama ka ga bakin tukunya ya leƙo, ko kashin maƙera, ko dutsen niƙa. Duk manomin da ke yankin ya san irin wuraren nan.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihunmu da mutuncinmu. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yammacin Nijar, mai tukwane da mutum-mutumin yumɓu. Da sunanta ya kai Turai, sai masu haƙar dare suka far wa yankin, kaya suka riƙa fita ta kan iyakoki. Wa ke ɗaukar su? Ba mai kuɗin da ke Faransa ba. Direba ne, ko ɗan kasuwa da aka ce ya saka wani ƙunshi a cikin kayansa, za a ba shi 'yan jikkuna. Tun 1970 akwai yarjejeniyar UNESCO da ta hana fataucin irin waɗannan kaya, dokar Najeriya ta 1979 kuma ta hana fita da su ba tare da izini ba. In aka kama, wanda kaya ke hannunsa shi ne ɓarawo, kuma sauran hajarsa ma ta shiga uku. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Asarar ba ta tsaya a nan ba. Su masana, abin da ke ba su labari shi ne inda suka tarar da abu: me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa, wane gawayi ke kusa da shi da za a auna a san shekarunsa. Tukunyar da aka tone aka sayar kamar shafi ne da aka yage daga littafin bashi. Ga adadi a rubuce, amma ba sunan mai shi, ba ranar da ya karɓa.

Saboda haka, in Allah Ya kai ka irin wannan wuri, nemi izinin mai gari, ka tafi da ɗan gari. Kada ka watsa wa zane ruwa don ya fito a hoto, ruwan na cinye shi. Kada ka shafa, kada yara su rubuta sunansu, kada a ɗauko ko tsingaro ɗaya. Ɗauki hoto da waya, in ka ga abin da ba a sani ba ka shaida wa hukuma.

Iyaye mata, ku ma da ku nake. Yaranmu na tashi da Faransanci a makaranta, Dandanci a kasuwa, Hausa a gida, suna karanta tarihin ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Birnin Lafiya tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo. Wata ranar da ba kasuwa, a haɗa su da ɗan guzuri a kai su su ga tudun.