Tsohon gurup na soja a Damargu: kafin a ja waya, a karanta farantin inji

A garuruwan Tanut da Belbeji, inda zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, mai sayar da ƙanƙara da mai injin niƙa da ma'aikacin da ke son fanka ta kwana tana juyi duk abu guda suke nema, wato wutar da ba ta yankewa. Darasin shekarar 2023 bai gushe ba a zukatan jama'ar jahar Damagaram, lokacin da Najeriya ta tsinke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli. Shi ya sa injin wuta mai shan gazuwal, wanda aka fi sani da gurup, ya zama kadara. Gazuwal kuwa a ƙofar gida ake tace shi, tun da matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana cikin gundumar Tanut, kusa da Bakin Birji.

Daga cikin injunan tsohon hannu akwai waɗanda aka ƙera domin soja. An san su da ƙarko, amma ba don gidajen ƙasar nan aka yi su ba. Wutar Nijelek tana kan bolt 220 da haz 50. Ƙananan injunan sojan Amurka, irin su MEP-802A mai kilowat 5 da MEP-803A mai kilowat 10, suna ba da haz 60, suna juyi 1800 a minti maimakon 1500. Kwan fitila bai damu da wannan ba, amma moton famfo ko na firiji zai ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, abin da kan gajarta masa kwana. Akwai ma masu haz 400, waɗanda aka yi domin rada da kayan jiragen sama; wanda ya sayi irin wannan don gida ya sayi ƙarfe ne kawai. Duk wannan yana rubuce a kan farantin da ke jikin inji, kuma karanta shi ya kamata ya riga ciniki, domin araha ba ta ado.

Wurin girke inji shi ma magana ce ta rai. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari, wadda ke kashe mutane cikin barci, don haka ba a ajiye shi a ɗaki ko zaure. Sai a waje, a kan daɓen siminti, ƙarƙashin rumfa mai shan iska, bakin hayaƙi nesa da taga. Sannan a kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe cikin ƙasa, a haɗa ta da jikin inji. Rairayin Damargu busasshe ne, ba ya ɗaukar wuta da kyau, shi ya sa masu sana'ar ke zurfafa sandar, su kuma riƙa jiƙa wurin da rani.

Babban ganganci shi ne cusa wayar gurup cikin soket na bango. Idan gidan yana haɗe da Nijelek, wutar za ta bi waya ta fita titi, taransifoma ya ɗaga ta, ta kashe ma'aikacin da ke bisa turke yana zaton layin a mace yake. Ranar da wutar gari ta dawo kuma, injin ne zai ƙone. Maganin wannan shi ne makunnin sauya layi, wanda ba ya barin wuta biyu su haɗu, kuma ƙwararren mai gyaran lantarki ne ya dace ya saka shi.

Idan inji ya ƙi tashi, a fara duba batir. Na soja bolt 24 yake so, wato batir biyu masu bolt 12 a jere. Ɗaya ya raunana, duka sun raunana. Idan ya tashi ya mutu, galibi iska ce ta shiga bututun mai, ko kuwa gazuwal ɗin jarka ya zo da ruwa da datti, sai a zuƙe iskar a sauya matatar mai. Baƙin hayaƙi alamar kaya sun yi masa yawa ne, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Baƙin mai da ke ɗiga daga bakin hayaƙi kuwa yana nuna an daɗe ana kunna babban inji don ƴan fitilu kawai; dizal yana son a ɗora masa aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa.

Saura lissafin aljihu. Injin kilowat 10 da aka cika wa kaya yana shan kusan lita 4 a awa guda, kuma kayan gyaransa ba su cika kasuwa ba kamar na injunan farar hula. Ɗan kasuwar da ke da firiji da yawa ko injin niƙa yana iya fitar da kuɗinsa. Ma'aikacin da fanka biyu da talabijin kawai yake da su, faifan hasken rana da batir sun fi masa sauƙi. Allah ya sa kowa ya auna ƙarfinsa kafin ya ɗauki kaya.