Manzanni Biyu A Cikin Ƙwaƙwalwar Jariri

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, kullum muna maganar kaifin basirar yara, amma ba safai mukan tambayi yadda aka gina ƙwaƙwalwar ba. To, ina so in ɗan bayyana muku aikin wasu manzanni biyu da ke cikin wannan gini.

Na farko sunansa istirojin. Galibi akan ce sinadarin mata ne, amma maza ma suna da shi. Mace in tana da ciki, mabiyiya takan yi shi da yawa. Ƙwaƙwalwar ɗa namiji kuwa, ita da kanta ke juya sinadarin maza ya koma istirojin. A 1959 masana a Jami'ar Kansas ta Amurka suka gwada da ɓerayen Masar, suka ga sinadarin da ɗan tayi ya samu tun yana ciki yana shafar halinsa bayan ya girma.

Na biyu iska ce, wai ita naitirik okisaid. Ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi sai ta ɓace, amma kafin nan ta isar da saƙo. A 1987 aka gane ita ke sa hanyoyin jini su saki, har mutum uku suka sami kyautar Nobel a 1998 saboda wannan bincike. Jiki yana yin ta daga wani abu mai suna ajinin, wanda ke da yawa cikin gyaɗa da agushi da riɗin nan da muke gani a kasuwar Lafiya.

Ina gaminsu? Istirojin tamkar sarkin maƙera ne: ba ya riƙe guduma, sai dai ya ƙara yawan maƙeran da ke ƙera iskar, ya kuma zuga su. In iskar ta yawaita, hanyoyin jinin mahaifa su buɗe, abinci ya isa ga ɗan tayi. Gwaji da ɓeraye kuma ya nuna haka yake yi a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kula da balaga da haihuwa.

Saboda haka ina roƙonku abu biyu. Ku gargaɗi iyaye, mai ciki ta riƙa zuwa awo, kada ta sha magani sai da iznin likita, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma kada wani ya fake da wannan ya ce 'ya mace ba ta da kan karatu, gama binciken bai faɗi haka ba.

Allah ya raya mana zuriya, amin.