Na'urar Ɓarzar Tsiron Sha'ir: Abin da Ya Sa Gudu Ke Ɓata Ta

A shekarar 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa giya a gidansa don amfanin kansa, abin da Ingila ta riga ta sassauta tun 1963. Daga nan kasuwar ƙananan kayan aiki ta buɗe, kuma cikinsu babu wanda ake yawan yi wa gurguwar fahimta kamar na'urar ɓarzar tsiron sha'ir. Musulmi ba ruwansa da giyar, wannan sananne ne, amma da irin wannan tsiron ake yin lemon malt marar sa maye, kuma hikimar na'urar ta shafi duk mai tunanin ɗaura injin lantarki a kan abin da aka saba juyawa da hannu. Hikimar ita ce, na'urar ba ta yin aiki mai kyau sai an hana ta abubuwa biyu da muke yaba wa injin niƙa a kansu, wato laushi da sauri.

Dalilin yana cikin ƙwayar sha'ir kanta. Bayan an jiƙa ta ta tsira an busar, ɓawonta na nan manne da ita. Mai dafawa zai ɓarza ta, ya zuba a ruwan da zafinsa ya kai kimanin digiri 65, ya bar ta kamar awa guda, har sitacin da ke ciki ya koma sukari. Daga nan sai tacewa, kuma a nan ne ɓawon ke biyan kuɗinsa: shi ne ke kwantawa a gindin tukunya ya zama rariya, ruwan zaƙin ya bi ta tsakaninsa ya fito garau. Idan aka niƙe komai ya zama gari, abin zai cuɗe kamar talge, ruwa ya ƙi sauka. Idan kuma ƙwayoyi suka wuce ba su fashe ba, sukarinsu ya tafi a banza cikin dusa. Abin da ake nema shi ne ciki ya farfashe kamar tsaki, ɓawo ya tsage amma ya fita kusan ɗungurungum.

Wannan ne ke raba gardama wajen zaɓi. Na'urar hannu ta Corona, wadda ake ƙerawa a Kolombiya don niƙan masara, faifan ƙarfe biyu gare ta masu goga juna, saboda haka tana yayyaga ɓawo sai an yi ta lallaɓa ta. Tana da araha, kuma mutane da yawa sun ci moriyarta, ba a musu. Amma rola biyu masu juyawa suna fuskantar juna matse ƙwaya suke yi, ba sa goge ta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce komai, kuma yawanci ana barinta kusa da milimita 1. Wasu kan gwada da katin banki, wanda kaurinsa milimita 0.76 ne, sai dai siraran ƙarafan awo da makanikai ke saita fulogi da su sun fi tabbas. Akwai mai rola uku, wadda ke matsa ƙwaya sau biyu, amma ga wanda ke ɓarza kilo 5 don ya dafa lita 19, ƙarin kuɗin bai cika zama dole ba.

Mai son ƙera tasa yana buƙatar rola na ƙarfe da aka zana wa jikinsu ƙananan haƙora don su cafki ƙwaya, da boris mai kyau, da mazurarin katako ko na kwano. Wuyar aikin ɗaya ce: dole rolan su daidaita daga wannan gefe zuwa wancan. In gefe ɗaya ya fi buɗewa, rabin hatsin zai fito gari, rabi ya fito lafiyarsa ƙalau.

Wajen ɗaura inji ne aka fi yin ɓarna. Ƙananan rola sun fi aiki tsakanin juyi 150 zuwa 250 a minti, alhali injin lantarki na yau da kullum yana juyi kusan 1,725 a Amurka, ko kusan 1,450 a ƙasashe masu irin wutar Najeriya da Nijar. In aka haɗa su kai tsaye, ɓawo ya zama ƙura. Maganin shi ne fuli biyu da bel: ƙarami mai faɗin inci 1.5 a jikin inji, babba mai inci 12 a jikin rola. Gudun zai ragu sau takwas, 1,450 ya koma kusan 180, ƙarfin murɗawa kuma ya ninku gwargwadon haka, shi ya sa inji mai rabin ƙarfin doki ya isa. Bel yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: in tsakuwa ta shiga tsakanin rola, zai zame maimakon ya karya wani abu.

Wani zai ce na'urar huda ta lantarki ma tana juya rola, me ya kawo wannan ɗawainiya? Tana juyawa, kuma ga mai ɓarza jefi-jefi ta wadatar. Amma riƙe ta a ƙaramin gudu yana sa ta zafi, yatsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya a kan makunninta, sai ɓarzar yau ta bambanta da ta gobe. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa laushi ya fi ba da sukari. Gaskiyarsu, kuma masu jiƙa tsiro cikin jakar yadi suna matse rola sosai ba tare da matsala ba. Sai dai jakar ce ta karɓi aikin ɓawo. Haka ya faru a Najeriya bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, lokacin da masana'antun giya suka koma ga dawa: ƙwayar dawa ba ta da ɓawon da zai zama rariya, dole aka nemi wasu dabarun tacewa. Wato yadda za ka tace shi ne ke faɗa maka yadda za ka ɓarza.

Sauran magana ta tsaro ce. Rola mai inji ba ta bambance yatsa da ƙwaya, don haka a rufe bel da fuli, a sa raga a bakin mazurari, makunni kuma ya kasance inda hannu zai kai nan take. Ƙurar hatsi tana kama wuta. Ita ce ta tarwatsa masana'antar fulawa ta Washburn a Miniyafolis a 1878, mutum 18 suka mutu. Kafin ka biya kuɗin inji, ka duba adadin juyin da aka rubuta a jikinsa, ka lissafa girman fulin da zai sauko da shi ƙasa da 250.