Daga Ciwon Maƙogwaro Zuwa Ɗakin Tiyatar Zuciya

Idan aka ambaci tiyatar zuciya, yawancinmu attajiri muke hangowa, dattijo mai tumbi wanda maiƙo ya toshe wa jijiya, aka ɗauke shi a jirgi zuwa Masar ko Indiya. Akwai irinsa, ba musu. Sai dai a ƙauyukan Ɗanbatta da Makoɗa da Kunci, da ma duk inda gidaje suka cushe kuma asibiti ya yi nisa, wanda ya fi buƙatar wannan aiki yaro ne ɗan sakandare da ya daina buga ƙwallo saboda haki, ko matashiyar da ciki na farko ya kwantar, ƙafa ta kumbura, ba ta iya barci sai a jingine.

Wani bincike mai suna REMEDY, da aka yi tsakanin 2010 da 2012, ya bi marasa lafiya 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, kuma da hannun likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ciki. Dukkansu masu cutar da ke lalata bawul ɗin zuciya ne. Rabinsu ba su haura shekara 28 ba, kuma biyu cikin uku mata ne. A duniya kuwa, a 2019 an ƙiyasta mutum kusan miliyan 40 ke ɗauke da wannan cuta, tana kashe kimanin 300,000 duk shekara, galibi a ƙasashe matalauta.

Mafarinta ciwon maƙogwaro ne, irin wanda ba mu ɗauka da zafi. Wata ƙwayar bakteriya da likitoci ke kira sitireftokokus rukunin A ita ke kama maƙoshin yara, musamman daga shekara 5 zuwa 15. Yaro ya yi zazzaɓi, haɗiyar yawu ta yi wuya, a sayo masa farasitamol a kemis, ko a kai shi wajen wanzami a ce beli ne ya sauko a yanke. Bayan 'yan kwanaki ya warware da kansa, kowa ya manta. A jikin wasu yaran kuwa, garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta rikice, ta koma kan naman jikin mai ita. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi ya dawo tare da ciwon gaɓoɓi mai yawo, yau gwiwa gobe idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne. Wani yaron hannu da fuska su riƙa motsi ba da son ransa ba, sai a ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiyya. Gaɓoɓin za su warke sarai. Zuciyar ce ke riƙe tabo, kuma duk lokacin da ƙwayar ta sake kama maƙogwaro, tabon ƙaruwa yake.

Zuciya tana da bawul huɗu, aikinsu su bar jini ya wuce gaba, su hana shi komowa. Duk wanda ya yi noman rani a gefen madatsar Tomas ya san abin da ke faruwa idan bawul ɗin injin ban-ruwa ya lalace: injin na ta ruri yana shan mai, ruwan da ke isa fadama kaɗan ne. Haka zuciya take yi idan bawul ya tsuke ko ya ƙi rufuwa, musamman na ɓangaren hagu wanda cutar ta fi ci. Tana wahala, tana faɗaɗa, ruwa na taruwa a huhu da ƙafa. Magani na rage kumburi da haki, amma ba ya mayar da bawul yadda yake. Idan lalacewar ta kai wani mataki, sai aiki.

Aikin kansa ba sabo ba ne. A 1953 wani likita Ba'amurke, John Gibbon, ya yi nasarar amfani da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Ana tsaga ƙashin ƙirji, a juya jinin mutum zuwa cikin na'urar ta sa masa iska ta dawo da shi jiki, a tsayar da zuciyar cak da wani ruwan magani, a buɗe ta a gyara, a ɗinke, sannan a tayar da ita. A Najeriya an fara yin irin wannan a asibitin koyarwa na Inugu a watan Fabrairun 1974, lokacin da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar mai aiki a Ingila, ya zo ya haɗu da Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa. Mun fara da wuri ke nan. Amma daga 1974 zuwa 2000 aiki 102 kacal aka yi a wannan cibiya, adadin da babban asibitin zuciya a Indiya kan share cikin 'yan makonni.

Ba ƙarancin basira ya jawo haka ba. Tiyatar zuciya aikin gayya ne: bayan mai riƙe wuƙa akwai likitan sa barci, da mai kula da na'urar, da ma'aikatan jinya na ɗakin kulawa ta musamman da ba sa runtsawa, da jini a ajiye, da wutar da ba ta ƙiftawa, da kayan aiki da ake sayowa da dala kuma a yar bayan amfani ɗaya. Ɗaya ya rasa, aiki ya tsaya. Ga kuɗin, miliyoyin naira, daga aljihun manomin da amfanin shekararsa gero ne da gyaɗa da wake. Shi ya sa cibiyoyinmu da yawa suka dogara da ayarin likitocin waje, su zo su yi mako ɗaya ko biyu, a yi wa 'yan ƙalilan aiki, a ɗauki hoto, su tafi. Ran da aka ceta ba abin rainawa ba ne, amma hannun da ke aiki sau biyu a shekara ba ya gogewa. Sudan ta nuna wata hanya: a 2007 ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe Cibiyar Salam a Soba, kusa da Khartum, inda aka riƙa yin aikin zuciya kyauta a kai a kai, ana karɓar marasa lafiya daga ƙasashe da dama, kuma mafi yawansu masu wannan cuta ta bawul ne.

To, a ce an samu kuɗin, an yi aikin lafiya. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan bawul bai gyaru ba dole a sauya shi, kuma zaɓi biyu ne. Na ƙarfe yana daɗewa, amma jini na daskarewa a jikinsa, don haka sai mutum ya sha maganin tsinka jini, wafarin, har ƙarshen rayuwarsa. Wafarin kuwa ba shi da sassauci: ya yi kaɗan, jini ya daskare a samu shanyewar ɓarin jiki; ya yi yawa, jini ya ɓalle. Sai ana gwajin jini da ake kira INR lokaci-lokaci ana daidaita adadin, kuma hatta yawan alayyahu ko zogalen da mutum ke ci na iya sauya sakamakon. Wanda ke ƙauyen da ke bayan Ɗanbatta, sama da kilomita 60 daga Kano, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi tsallake gwaji. Ga shi maganin na iya cutar da ɗan tayi. Ɗaya zaɓin kuwa, bawul ɗin da aka yi da naman dabba, ba ya buƙatar wafarin na dindindin, amma a jikin matasa saurin lalacewa yake, a koma neman aiki na biyu. Yarinya 'yar shekara 18 da dangin miji ke jiran haihuwarta, wanne za a sa mata? Wannan tambaya ce da littattafan da aka rubuta domin tsofaffin Turai ba su amsa ba, shi ya sa likitocin da ke aiki a Afirka suke fifita gyaran bawul a kan sauya shi duk inda ya yiwu.

A nan amfanin bincike na gida ya fito fili. An yi fatan sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji za su sauƙaƙa lamarin. Sai binciken INVICTUS, da aka fitar a 2022 bayan bin mutane sama da 4,500 masu wannan cuta da bugun zuciya marar daidaito, ya nuna waɗanda ke kan tsohon wafarin sun fi tsira da rai a kan masu shan sabon. A Gulu ta arewacin Uganda kuma aka duba zukatan 'yan makaranta da na'urar hoton zuciya, aka gano masu cutar tun ba ta nuna alama ba, aka riƙa yi wa rabinsu allurar fenisilin duk mako huɗu har shekara biyu. Cikin waɗanda aka yi wa allura, ƙasa da 1 cikin 100 ne cutar ta ci gaba. Cikin sauran, kimanin 8 ne.

Wannan allura, benzatin fenisilin, tsohuwa ce kuma mai araha, ko da yake tana da zafi kuma takan yi ƙaranci a kasuwa. Ba ta buƙatar farfesa. Babban asibitin Ɗanbatta da ƙananan asibitocin mazaɓu za su iya riƙe littafin sunayen yaran da aka gano da ranar allurar kowannensu, a bi sawun wanda bai zo ba. Garin yana da makarantar koyon ungozoma, kuma ungozomar da ta san cewa hakin da ke hana mai ciki kwanciya ba laulayi ba ne, ita ce za ta fara tura ta hoton zuciya tun kafin naƙuda. Ga iyaye kuwa, yaron da ke zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, musamman idan babu tari ko mura, ma'aikacin lafiya ya kamata ya gani. Idan aka ba shi maganin kwana goma, a shanye duka ko da ya ji sauƙi tun ran na uku. Wanda aka riga aka gano yana da cutar zai ci gaba da allura shekaru masu yawa, wani har ya kai 40 ko fiye, gwargwadon yadda likita ya ga bawul ɗin, kuma yin tiyata ba ya ɗauke masa ita.