Yadda Ake Ɗinka Alabe

Ina so in yi bayani a kan alabe, wato jakar nan ta fata mai aljihu-aljihu wadda kakanninmu ke ratayawa a wuya su zuba kuɗi da 'yan takardu. Abin da zan faɗa na koye shi ne wurin wani tsohon baduku a unguwarmu ta Nasarawa cikin Birnin Kebbi, inda nakan zauna in taya shi aiki lokacin hutu.

Ba mu kaɗai muka san irin wannan jaka ba. A Sikotlan, arewa da Ingila, maza suna da wata tufar gargajiya mai kama da fatari, wadda ba ta da aljihu ko ɗaya. Saboda haka sai su rataya jakar fata a ƙugu ta sauko gaba, sau da yawa da tuntu uku a jikinta. Suna kiranta sporran, ma'anarsa jakar kuɗi a harshensu na asali. Har yau ango yakan ɗaura ta ranar aure. Bukata ɗaya ce ta haifi tasu da tamu.

Aikin alabe daga majema yake farawa. Fatar da aka fi so ita ce ta jar akuyar Sakkwato, don tana da laushi da ƙarfi. Majemi zai jiƙa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, sa'an nan ya kankare shi da wuƙa, ya cire sauran nama da kitse. Bayan an wanke, sai a daka 'ya'yan bagaruwa a jiƙa, a tsoma fatar a ciki ana jujjuyawa. Ruwan bagaruwan nan shi ke hana fata ruɓa. In ta jemu, a shafa mata man gyaɗa, a murza, a shanya a inuwa. Wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata aikin duka, domin fatar da ba ta sha bagaruwa sosai ba takan bushe ta tsattsage.

Daga nan sai rini. Ja daga karan dafi ake samunsa, a daka shi a haɗa da ruwan kanwa. Rawaya kuwa daga gangamau. Baƙi ya fi ba ni mamaki: guntayen ƙarfe ake jiƙawa, ruwan ba shi da wani baƙi sosai, amma da ya taɓa fatar sai ta yi baƙi ƙirin. Malamin kimiyya ya gaya mana dalili, ƙarfen ne ke haɗuwa da sinadarin bagaruwa da ke cikin fatar. Ashe dukawa sun daɗe suna aiki da ilmin da muke karantawa a aji.

Yanzu aiki ya zo hannun baduku. Kayan aikinsa kaɗan ne: wuƙa mai kaifi, da basilla, da katakon da yake yanka a kai. Zai auna ya yanka fatar gida biyu, na ciki da murfi. Na ciki shi ne mai aljihu uku ko huɗu, ana jera su kan juna a ɗinke gefe. Murfin kuwa kamar kube yake, an ɗan fi faɗaɗa shi don na cikin ya shige. A jikin murfin ake yin ado tun ba a haɗa shi ba. Baduku zai zana layi da bakin ƙarfe, ya huda wurare ya sa fata mai wani launi a ƙarƙashi ta leƙo. Ɗinkin da siririn zaren fata ake yinsa, a huda sa'an nan a zura. A ƙarshe sai a tufka igiyar fata, a ɗaura ta a na ciki, a zaro ta ta saman murfin, a sa tuntu a ƙasa. Mai alabe in zai ɗauki kuɗi sai ya ja murfin sama bisa igiya, in ya gama ya sauke. Ba maɓalli ba kwaɗo, kuma ba abin da zai zube.

Wannan sana'a tana da tarihi. Bature Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma zo Gwandu a 1853, ya rubuta labarin yawan takalma da jemammun fatun da Kano ke fitarwa. Fatake suna ƙetare Sahara da su zuwa Arewacin Afirka, daga can su isa Turai, inda aka riƙa kiransu fatar Maroko ana yi wa littattafai bango da su. Fata tamu, suna na wasu.

Abin da ke damuna shi ne dukawan da na sani duk sun manyanta, kuma yara ba su zama kusa da su. Jakunkunan roba sun cika kasuwa, ga araha, amma ba su jure shekara biyu. Alabe kuwa ɗa yakan gaji na ubansa. Lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma tun 1934, baƙi sukan nemi kayan fata na hannu su kai tsaraba. In babu mai ɗinki, me za mu sayar musu?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su bar yaro mai sha'awa ya je wurin baduku bayan makaranta, ba zai hana shi karatu ba. Mu kuma ɗalibai mu daina ganin dukanci ƙasƙanci ne. Hausawa sun ce sana'a sa'a. Allah ya sa mu gane, amin.