Gani Ya Kori Ji: Hoton Zuciyar Yaro Bayan Aikin Likita

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa iyaye magana a kan wata cutar zuciya ta yara, da abin da ya wajaba a kansu bayan likita ya gama aikinsa.

Akwai yaron da zuciyarsa kan ɗauki gudu farat ɗaya, ba tsoro ya ji ba, ba wasa ya yi ba, har bugunta ya wuce 200 a minti guda. Sai ka ga ya galabaita, in jariri ne ya ƙi kama mama. Sau da yawa dalilin wannan wata 'yar ɓarauniyar hanya ce ta lantarki a cikin zuciya, wadda aka haife shi da ita. Likitoci uku, Wolff da Parkinson da White, su ne suka bayyana wani iri nata a 1930.

A 1981 Dakta Scheinman na birnin San Faransisko, a Amurka, ya fara gyaran bugun zuciyar mutum da siririyar waya, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Wajen 1990 aka soma yi wa yara. Ana zura wayar ta jijiyar matse-matsi har ta kai zuciya, a nemo hanyar nan, a ƙone ta da zafi ko a kashe ta da sanyi. Cikin yara 100, fiye da 90 sukan dace.

To, amma zuciyar yaro ƙarama ce, kuma tana cikin girma. Waya tana iya taɓa marufan ƙofofin zuciya, ko jini ya taru cikin jakar da ke lulluɓe da ita. In kuwa ƙunar ta shafi hanyar lantarki ta asali, bugu ya kan ragu ƙwarai, har a dasa wa yaro na'ura mai batir. Waɗannan ba su cika faruwa ba, amma saboda su ne likitoci kan jinkirta aikin ga yaron da bai kai kilo 15 ba, sai da larura.

Nan ne amfanin hoton zuciya da ake kira eko, watau na amsa-kuwwa, wanda Edler da Hertz suka fara a ƙasar Suwidin a 1953. Ba allura, ba ciwo, ba kuwa hasken eksire a cikinsa. Da shi likita ke ganin ko marufai na rufuwa daidai, ko ruwa ya taru, ko ƙarfin zuciya ya ragu. A Amurka, Dakta Van Hare da abokan aikinsa sun bi sawun yara 481 da irin wannan hoto, kafin aiki da bayansa, suka ba da labari a 2007 cewa mummunar lahani ga marufai abu ne mai wuyar gani. Da dubawa aka san wannan, ba da zato ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, kada ku ga yaro yana tsalle ku ce an gama. Ranar da likita ya yanka muku ta komawa, ku koma, ko da kuɗin mota ya yi nauyi, domin hanyar da aka ƙone ta kan farfaɗo wani lokaci cikin watannin farko, awon lantarkin zuciya kuwa shi zai nuna. In yaro ya suma, ko ya yi kukan ƙirji, ko numfashi ya gagare shi, ko wurin da aka zura waya ya kumbura, lalle a kai shi asibiti nan da nan, kada a jira ranar alkawari. Ku adana takardun hoton, gama likitan gaba zai nema.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya mana zuriya.

Ni ne naka,
Mai Son Lafiyar Yara, Zariya.